Mai Babur, Ka San Abin da Ke Cikin Shokarka?

 Gaisuwa ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da Sakabal, har zuwa Bermo, maza da mata. Zancenmu na yau na babur ne, watau moto. Amma kada wanda ba shi da babur ya kashe rediyo, domin a ƙasar nan babu wanda ba a goyawa.

Wanda ya taso daga Maraɗi ya bi ta Tibiri, kwalta za ta kai shi Dakoro, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. To, amma ƙauyukanmu ba a bakin kwalta su ke ba. Da ka sauka daga kanta sai rairayi, sai jar ƙasa mai tudu-tudu kamar kwanon rufi, sai ramukan da amalanke ya bari tun damina. Ta nan a ke kai hatsi kasuwa, ta nan a ke ɗauko mai naƙuda da dare, ta nan a ke gudu da yaron da maciji ya sara. Duk wannan duka da hanya ke yi, akwai abin da ke karɓarsa kafin ya iso ga bayanka. Makanikai suna ce masa shoka, waɗanda suka yi lakkol suna cewa amortisa. Biyu suna gaba, dogayen sanduna masu ƙyalli da ke riƙe da taya. A baya kuma biyu ne gajeru, ko ɗaya babba a tsakiya.

Mai babur ya kan juye man inji a kan kari, ya kan ɗaure sarƙa, ya kan liƙe taya da kansa. Shoka kuwa sai ta mutu a ke tunawa da ita. Dalili shi ne ba ta mutuwa rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan ta ke lalacewa, jikinka yana sabawa, har ka zaci haka babur ya ke.

Ku fara sanin yadda ta ke aiki, domin wanda ya san wannan ya san rabin gyaran. Cikin kowace sanda akwai abu biyu: sifirin, watau ƙarfen nan murɗaɗɗe, da mai. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. In taya ta hau tudu ya lotsa, in ta wuce ya miƙe. Amma sifirin kaɗai ba ya da hankali. In ka danne shi ka sake, sai ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Mai shi ke ladabtar da shi. Duk sa'ad da sanda ta shiga ko ta fita, tilas man ya bi ta waɗansu ƴan ƙananan huji, kuma ba ya wucewa da sauri. Wannan jinkirin shi ke sa taya ta zauna a ƙasa. Tayar da ke sama ba ta juyawa inda ka so, ba ta kuma jin birki. Kun ji ke nan, maganar shoka ba maganar jin daɗin zama kaɗai ba ce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fara sayar da babur mai irin waɗannan sandunan gaba masu mai a ciki. Dattawanmu kuma suna iya tuna tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978, ya ratsa ƙasarmu ta Agadas da Yamai a Janairu 1979. Wani Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ya ci, bisa Yamaha XT 500. Irin waɗannan baburan daji, da ƙannensu kamar Yamaha DT 125 da malaman gona da na dabbobi suka daɗe suna hawa, an yi musu doguwar shoka don rami da rairayi. Namu na yau da kullum, su Kasea da Haojue da Boxer, shokarsu gajeruwa ce, don titin gari aka ƙera yawancinsu. Mu kuwa mun kai su daji, mun ɗora musu mutum biyu da buhun gero. Saboda haka shokarmu ta fi ta ƴan tsere bukatar kulawa.

Babban maƙiyinta ƙura ce. A bakin inda sanda mai ƙyalli ke shiga cikin ta ƙasa akwai zoben roba, wanda a ke kira sil. Aikinsa ya tsare mai a ciki, ya hana ƙasa shiga. Ƙurar hunturu ta kan manne a jikin sanda, sanda ta shiga da ita, ƙwayar rairayi guda ta maƙale a leɓen zoben, shi ke nan mai ya sami hanya. Sai ka ga sanda ta jiƙe, ƙura ta yi mata baƙin zobe. In aka ƙyale, man ya gangara har ya kai ga birkin gaba. Birkin da ya sha mai kuwa sunansa kawai birki.

To, gyara na farko ba ya cin ko dala. Kowace safiya, kafin ka tashi babur, ka sa tsumma mai tsabta ka goge sandunan nan biyu. In baburinka yana da rigar roba mai lanƙwasa da ke rufe su, ka duba ko ta yage. Rigar da ta yage ta fi babu muni, domin ƙasa tana shiga ba ta fita. In ba shi da ita, ka saya ka sa. A ganina, cikin duk kayan ƙawa da samari ke liƙa wa babur, da fitilu masu launi da ƙahon mota, babu wanda ya kai wannan ƴar roba amfani.

In ka ga yoyo ya fara, kada ka yi saurin cewa sil ya mutu. Ka sami robar ruwan sha wadda ba kowa ciki, ka yanko ɗan falle mai laushi kamar tsawon yatsa, ka yi masa baki kamar lauje, ka wanke. Ka ɗaga murfin ƙura da ke bisa zoben a hankali, ka zura fallen tsakanin sanda da zobe, ka zagaya da shi sau ɗaya kana jawowa sama. Za ka ga ƙasar da ya fito da ita. Ka goge, ka danna kan babur sau goma, ka sake gogewa. Sau da yawa yoyon ya kan tsaya nan. Kada ka sa wuƙa ko allura ko reza. Sa'an nan ka bi sandar da farce. In farce ya maƙale a wani gurbi na tsatsa ko inda dutse ya sara, wannan gurbin zai ci kowane sabon zobe da ka sa, sai an goge kaifinsa da takardar gurza mafi laushi wadda aka jiƙa da mai.

Yanzu ga gwajin da kowa zai iya. Ka kama birkin gaba, ka danna kan babur da ƙarfi, ka sake. Shoka mai lafiya ta kan lotsa, ta taso sau ɗaya, ta tsaya. In ta yi ta rawa sau biyu sau uku, mai ya ƙare ko ya tsinke. In ta tafi ƙasa ta buga ƙwas, haka nan ne. In kuwa ta cije, ta ƙi tasowa sai da fizga, wataƙila sanda ta lanƙwashe, wannan kuma na makanike ne.

Mu zo ga canjin mai, wanda shi ne ainihin aikin yau. Sabon hannu zai iya, in ya kiyaye tsabta da awo.

Kada ka yi shi ranar iska. Ka wanke babur tukuna, ka zaɓi safiya mai sanyi, ka shiga zaure ko wani wuri mai kariya, ka shimfiɗa buhu mai tsabta inda za ka jera kaya. Ka tanadi sifanu da suka yi daidai da notinka, da tsumma, da awon tela, da littafi da fensir, da abin auna mai. Abin aunawa mafi kyau shi ne babbar sirinji sabuwa ta kantin magani, mai lamba a jiki, ko kwalbar shayar da jariri wadda aka daina amfani da ita, ita ma tana da lambobin mililita. Bayan aikin kada ta koma wurin jariri. Kofin shayi ba ma'auni ba ne, domin ba duka girmansu ɗaya ba.

Wane mai? Akwai man shoka na musamman, a jikin robarsa a kan rubuta lamba da harafi, kamar 10W. Lambar tana nuna kauri, in ta ƙaru mai ya ƙara kauri. Yawancin ƙananan babura 10W ya ishe su. In ba a samu ba, jan man giyar mota mai sarrafa kanta, wanda a ke rubuta wa ATF, yana iya tsayawa a madadinsa, har kamfanin Honda ma ya umurci a zuba shi a waɗansu tsofaffin baburansa. Abin da ba a zubawa shi ne man da aka juye daga inji. Na san a kan yi, don yana nan a banza. Amma cike ya ke da garin ƙarfe da toka, ga shi da kauri, da sanyin safiyar Janairu sai shoka ta sandare kamar taɓarya. Man gyaɗa kuma a bar wa tuya.

Tun babur yana tsaye bisa ƙafafunsa, ka auna yadda kan kowace sanda ya ɗara ƙarfen da ke riƙe da ita a sama, ka rubuta. Ka sassauta murfin saman sanda rabin juyi kawai, domin in ka fitar da ita babu abin da zai riƙe maka ita. In akwai ɗan notin matsewa a gefen sama, shi a ke fara sassautawa kafin murfin. Sa'an nan ka ɗora cikin babur bisa gungume har tayar gaba ta bar ƙasa. Turmi da aka kife yana yi, in uwargida ta yarda. Ka girgiza ka tabbata ba zai faɗi ba, kuma yara su ja baya.

Ka cire wayar birki da ta mita, ka zare sandar tsakiyar taya, ka jera ƴan zobban ƙarfe da suka fito yadda ka same su, na dama a dama, na hagu a hagu. In birkinka mai faranti ne, ka rataye kansa da igiya, kada ya yi lilo da bututunsa, kada kuma wani ya matsa hannun birki. Ka cire murfin taya.

Sanda ɗaya za ka fitar, ka gama da ita, kana ka taɓa ta biyu. In ka rikice, ɗayar tana nan ta nuna maka yadda a ke. Ka tsai da ita, ka danne murfin da tafin hannu kana kwancewa, fuskarka a gefe, domin sifirin yana turo shi daga ciki, ya kan yi tsalle ya fasa leɓe. Ka zaro sifirin, ka lura da wane kai ne ke sama, musamman in wani kan ya fi wani matsattsen murɗi. Ka auna tsawonsa ka rubuta. Sa'an nan ka kife sandar cikin wani gwangwani mai tsabta, ka yi ta turawa kana jawowa har ta daina ɗiga.

Ka dubi abin da ya fito, domin yana da labari. In ya yi baƙi yana wari, tsufa ne kawai. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, watakila wurin ƙetare kwari da damina. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfe yana cin ƙarfe a ciki, ya kamata makanike ya gani. Ka zuba ɗan sabon mai ka kurkure, ka zubar. Kada ka kurkure da fetur, yana cin roba, ga haɗarin gobara. Tsohon man kuma kada a zuba kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Nawa za a zuba? Nan ne karatu ke biyan mai shi. Ɗan littafin da a ke bayarwa tare da sabon babur, wanda mutane ke jefarwa ko su ba yara, a cikinsa ko cikin littafin makanikai a kan rubuta adadin, da lamba da haruffa biyu, ml ko cc, duk ɗaya ne. Ƙananan baburan gari kowace sanda ba ta shan kwatan lita, manyan na daji sun fi haka. In babu littafi, ka auna abin da ya fito daga sandar da ba ta taɓa yoyo ba, ka mayar da kamarsa. Ka zuba a hankali, ka tura ka jawo sau goma don iska ta fita. Sa'an nan, sifirin yana waje, sanda tana lotse har ƙasa, ka zura tsinke mai tsabta daga baki har ya taɓa mai, ka yi masa alama. Wannan tsinken shi ne alƙalinka a sanda ta biyu. Tilas su zo daidai. In mai ya yi yawa, iskar da ke samansa ba ta da wurin matsewa, shoka ta yi tauri, ta fasa sil. In ya yi kaɗan, ta riƙa nutsewa tana bugawa. Haka sifirin biyu: in ɗaya ya gaza ɗaya tsawo a fili, a sake su duka biyu.

Wajen mayarwa, murfin sama da hannu a ke fara ɗaura shi, domin zarensa siriri ne, in ya hau a karkace ka sa masa sifana, ka sayi sabuwar sanda. Ka mai da kowace sanda tsayin da ka rubuta. In taya ta koma, ka sauke babur, ka danna kansa sau biyar don kome ya zauna, kana ka ƙarasa ɗaure notin ƙasa. Ka bi kowane noti da ka taɓa sau biyu. Ka gwada birki a tsakar gida kafin ka hau hanya, kafin kuma ka goya kowa.

Canjin sil kansa ya fi wannan wuya, domin sai an raba sandar biyu, kuma akwai noti a gindinta da ya kan yi ta juyawa ba ya kwancewa. Shawarata, karon farko ka kai wa makanike, ka zauna ka kalla, ka yi tambaya. Amma ka je da saninka. A jikin tsohon zoben akwai lambobi uku ƙanana, misali 27 da 39 da 10,5. Na farko faɗin ciki ne, na biyu faɗin waje, na uku kauri, duka da milimita. Ka kwafe su a takarda ka tafi da ita kanti. Mai kanti zai ce maka wannan ma yana shiga. Mai shiga daban, na wurin daban.

Ta baya ba ta da dogon zance, sai dai tana da gargaɗi. Irin biyun nan na ƙananan babura a rufe su ke, ba a canja musu mai. In ɗaya ta jiƙe da mai, ko bayan babur yana ta tsalle, sai sabbi, kuma biyu tare. A gindin sifirin akwai wani zobe mai hawa-hawa, yawanci biyar. In za ka ɗauki kaya ka ƙara hawa, in kai kaɗai ne ka rage, amma dama da hagu su zama a hawa ɗaya. Ga yadda za ka san ka dace. Ka ɗaga bayan babur har taya ta saki ƙasa, wani ya auna daga tsakiyar taya zuwa wata alama a ƙarƙashin sirdi. Ka sauke, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, a sake aunawa. Ka ɗebe na biyu daga na farko. Abin da ya rage ya kamata ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku na iyakar lotsawar shokar. A babban babur na daji mai lotsawar santimita 30, wajen santimita 10 ke nan. A namu ƙanana, santimita 2 zuwa 3. In da ka hau ta tafi fiye da rabi, kaya sun fi ƙarfinta. Waɗansu su kan cusa guntun bututu don sifirin ya yi tauri. Wannan yana ɗaga babur, amma ba ya mai da man da ya zube, tsallen ma sai ya ƙaru.

Ka kuma kama tayar baya tana sama, ka girgiza ta dama da hagu. In tana motsi, ko dai boris na taya ne, ko robobin da ke gindin ƙarfen da ke riƙe da ita sun cinye. Ka duba ƴan robobin idon shoka na sama da na ƙasa, su ma su kan mutu, kuma ba su da tsada.

Ga gargaɗin, ina roƙon ku isar da shi ga wanda bai ji ba. Shoka guda ɗaya ta tsakiya, irin ta baburan daji, da waɗansu masu ɗan tulu a gefe, an ɗura musu iskar nitirojin da ƙarfi, matsinta ya ninka na taya sau huɗu, sau biyar, ko fiye. Ba a kwance ta a gida, ba a huda ta, ba a yi mata walda, ba a jefa ta wuta ko da ta mutu. Maƙera da masu tara tsohon ƙarfe, da yaran da ke ƙona shara, su ne abin ya fi shafa, domin in ta ji zafi fashewa ta ke yi.

Yaushe za a maimaita canjin mai? Littattafan kamfanoni sun bambanta, kuma ba don hanyar kwarin Tarka aka rubuta su ba. Ni dai ina ganin sau ɗaya a shekara ya dace da mu, bayan an gama kaka, kafin hazo ya sauko, lokacin akwai ƴan kuɗi a hannu kuma ruwan damina bai daɗe a ciki ba. Ɗan kabu-kabu da ke kan hanya kullum ya yi sau biyu. A shafin ƙarshe na littafinku na aji ku ja layi huɗu: ranar aiki, lambar da mita ta nuna, irin man, da adadin mililita. Malaman aji, ku sa ɗalibai su kawo awon shokar bayan nan na biyu, a yi lissafin ɗebewa da shi a allo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki sarƙa da haƙoranta. Wanda ya ke da tsohuwar sarƙa a gida ya ajiye ta kusa da rediyo, tare da awon tela. A kwana lafiya.